Namun daji da itatuwan Nijar: dokar da ba ta hawa kan manya ba doka ba ce

Alhazai ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati manya da ƙanana, ina gode muku da kuka baro kanti da biro domin mu tattauna batun da wasu ke ɗauka na Turawa ne ko na masu yawon buɗe ido. Batun kuwa namu ne, domin magana ce ta dukiyar ƙasa, da wanda ke cinta, da wanda ake hana wa.

Bari mu fara da abin da muka rasa. A ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan hajojin da ayari ke ɗauka daga Damagaram da Damargu zuwa Tarabulus. Jiminar da ta arzuta fataken da, an wayi gari ta ƙare a dajin Abzin, har sai da aka koma kiwonta cikin shinge a Kelle, wajen Gure. Mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho, a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauranta a daji ko'ina a duniya. Daga 2016 ne aka dawo da ita ƙasar Cadi, daga cikin waɗanda aka tsira da su a gidajen dabbobi na ƙetare.

To, amma ba duka labarin ne na asara ba. A 1996, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya, kuma dukkansu a ƙasarmu suke, a yankin Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai. Kure ba gandun da aka kori mutane daga cikinsa ba ne. Dabbobin nan cikin gonaki suke kiwo, suna cin ganyen gawo da rani, wani lokaci har su taɓa waken manomi. Hukuma ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka kawo wa ƙauyuka rijiyoyi da ƙananan basussuka, samari suka samu aikin raka baƙi. Da talaka ya ga ribarsa tana cikin ran dabbar, sai ya zama shi ne mai tsaronta. Zuwa 2017 raƙuman sun haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 daga cikinsu, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, a jahar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace shekaru da dama. Harin watan Agusta na 2020, wanda ya halaka mutum 8 a Kure, ya kori baƙi, ya kuma nuna mana cewa abincin masu rakiya da tsaron dabba duka sun rataya ga zaman lafiya.

Haka labarin itace yake. Tun dokar mulkin mallaka ta 1935 aka maida itace dukiyar gwamnati, kuma bayan ƴancin kai aka ci gaba a kan wannan turba. Manomi ya ga cewa icen da ya tsiro a gonarsa ba nasa ba ne, tara kawai zai jawo masa ranar da ya sari reshe, saboda haka sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana toho. Bayan yunwar 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, manoma suka rungumi abin da ake kira sassabin zamani: a bar kututture da ransa, a zaɓi rassa masu ƙarfi a raine su, a sare sauran. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai gawo ya sake rufe gonakin Magarya da Matamai da Mirya. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5. Kun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe.

Yanzu mu juya gabas, mu dubi inda aka kasa. A 2012 gwamnati ta kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita kusan dubu 97, domin ceton adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda kan daɗe ba ta sha ruwa ba. A 2016 aka bi yankin ta sama da ta ƙasa ana ƙirge, aka ga guda 3 tak. Ƙungiyar duniya ta kare halittu, IUCN, ta ɗora laifin a kan aikin haƙar man fetur da farautar da sojojin da ke gadin ma'aikatan ke yi. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan. A 2019 kuma aka sake shata iyakar gandun, aka fitar da wuraren da ke da mai.

Ku auna waɗannan labarai uku. Inda aka ba talaka haƙƙi da rabo, dabba ta hayayyafa, itace ya tsiro. Inda mai bindiga da mota ya fi ƙarfin mai tsaron daji, takardar doka ba ta ceci ko ɗan maraƙi ba. Muna da dokar farauta ta 1998, muna da dokar dazuzzuka ta 2004. Ba dokoki muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne a ga ta hau kan babba kamar yadda take hawa kan mai ɗauke da dami ɗaya na itacen wuta.

Saboda haka, ku ma'aikata, duk takardar izinin farauta ko ta saran daji da ta biyo ta teburinku, ku tambayi wa aka ba, nawa ya biya, kuma ina kuɗin suka shiga. Kada a tura ma'aikacin gandun daji tsaron fili mai faɗin wata ƙasa ba mota, ba mai, sannan a zarge shi da sakaci. Ku kuma ƴan kasuwa, mai kashe dabba ba ya fita sai ya san akwai mai saye. Ku ƙi sayen fata da ƙaho da ƴan barewar da ake tallansu a ɓoye, ku tambayi daga wane daji gawayin da kuke lodi ya fito.

Abin da ya ƙare a dajin wata ƙasa ana iya aro shi daga maƙwabta. Raƙumin dawan Kure kuwa, in ya ƙare a hannunmu, babu inda za a aro shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.