Takarda Ita Ce Ƙofar Samun Taimakon Gida da Haya

 

Maganarmu ta yau a kan wurin kwana ce. Yawancinmu muna da ɗa ko ƙane da ya bar ƙauye ya koma Samaru ko Sabon Gari neman abinci. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Samaru take cika da ɗalibai da ma'aikata, ga shi masu gidaje sun saba karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sha wuya. Taimako yana nan, ko da yake ba shi da yawa, kuma wanda ya shirya takardunsa ne yake fara samu.

Na farko, taimakon haya. Yawanci daga ikilisiya, dangi ko ƙungiya yake fitowa, kuma abin da ke hannu bai kai yawan masu nema ba. Dole a fara duba gwauraye, marayu, marasa lafiya, da waɗanda gobara ko ambaliya ta raba da ɗakinsu. Masu dubawa za su tambaya: nawa ne hayar, yaushe za ta ƙare, mutum nawa ke kwana a ɗakin, me kake samu a wata? Saboda haka duk ran da ka biya haya, karɓi rasit. A rubuta yarjejeniya tsakaninka da mai gida, da sa hannun shaidu biyu. In akwai la'adar dillali, ita ma a rubuta. Kada ka jira sai an ba ka takardar tashi kafin ka gaya wa dattawa. Wata uku kafin lokaci ka yi magana, domin a san yadda za a yi.

Na biyu, rancen gida. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake riƙe da shi. Mai shiga yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na abin da yake samu a wata. Idan kana samun naira 40,000, zubinka naira 1,000 ke nan. Sai ka yi aƙalla wata 6 kana zubi kafin ka nemi rance. Kuɗin ruwansa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, kuma ana iya biya har tsawon shekara 30. Ba ma'aikacin gwamnati kaɗai ke shiga ba, tela da kafinta da mai sayar da hatsi ma suna iya yin rajista. Amma bankin zai so ya ga shaidar samunka. A nan ne ƙungiyar gama kai take da amfani. Adashin da muke yi a zumunta, in an yi masa rajista, an buɗe asusu a banki, ana rubuta zubin kowa a littafi, ya zama shaida. Ku tabbata kuma kowa yana da lambar katin ɗan ƙasa, sunansa iri ɗaya a kowace takarda.

Na uku, fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu tana da kyau, amma ba ita ce takardar mallaka ba. A jiharmu hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye. Kafin ka ba da ko sisi, je ka bincika ko filin na wata hukuma ne. Mun ga abin da ya faru a unguwar Graceland a 2021, inda aka rushe gidaje masu yawa a kan rikicin fili da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama. Gumin shekaru ya tafi cikin 'yan kwanaki.

Ku yi hankali kuma da masu yawo da fom, suna cewa a biya su domin su sa suna a jerin masu samun gidan gwamnati. Kada ku ba kowa kuɗi a hannu. Ku je ofishin da kanku, ku tafi da wanda ya iya karatu.

Ga aikin da nake roƙon kowace ikilisiya ta yi kafin ƙarshen wata: a zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su rubuta sunayen 'yan'uwanmu da ke haya a gari, ranar da hayar kowa za ta ƙare, da takardun da ba shi da su. Da wannan littafi za mu san wanda za a fara tallafawa.