Saran maciji: awon jini na minti 20

Jawabin wani ma'aikacin ɗakin awon jini ga manoma, makiyaya da ungozomomi

 

Ni aikina awon jini ne a gidan likita. Yau ina so in yi muku bayani bisa wani awo mai sauƙi wanda ke ceton rai. Ku saurara da kyau, don lokacin noma da na girbi su ne lokacin saran maciji.

Kowa ya san in ƙaya ta soke shi, jini na fitowa kaɗan, sannan ya tsaya. Me ke tsaida shi? Cikin jini akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi masu toshe bakin rauni. Akwai kuma wasu sinadarai da hanta ke yi, su ke sa jini ya yi guda, kamar yadda madara ke kwana ta zama kindirmo.

To, akwai macijiyar da dafinta ke ɓata wannan aiki. Ita ce kububuwa, wadda wasu ke ce ma gobe da nisa. Ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce kamu guda ba. In ta ji motsi sai ta nannaɗe, tana goga jikinta yana ƙara. Ta fi yawo da dare. Dafinta na cinye sinadaran nan na jini har su ƙare, kamar rumbun da gara ta shiga. Daga nan jini ya tsinke, ba ya daskarewa.

Ga inda hatsarin yake. Sau da yawa mutum na zaune yana magana, ƙafa ta ɗan kumbura kawai, sai a ce dafi bai kama shi ba. Alhali jininsa ya riga ya tsinke. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga jini a dasashi, ko haɓo, ko jini cikin fitsari. Tsohon miki ma na iya ɓallewa. In jinin ya zuba cikin kai, mutum na iya rasuwa farat ɗaya. Ido ba ya ganin wannan da wuri. Awo ke gani.

Ga yadda muke awon. Muna ɗibar jini kaɗan daga jijiyar hannu, mililita 2, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Mu zuba shi cikin ƴar kwalbar gilashi mai tsabta, busassa. Mu aje ta tsaye, ba mai taɓa ta, ba mai girgiza ta, har minti 20. In lokaci ya cika sai mu karkata kwalbar a hankali. In jini ya yi guda ya tsaya, to yana daskarewa. In ya gangaro kamar ruwa, dafi ya shiga jini, dole a yi allurar maganin dafi ba da jinkiri ba.

Kwalbar sai ta gilashi. Ta roba na iya ba da amsar ƙarya, haka ma wadda sabulu ya rage cikinta. In muna shakka, sai mu auna jinin mai lafiya kusa da na maras lafiya, mu gwada su.

Wannan awo ba daga nesa ya zo ba. Likita David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana shi a shekarar 1977, bayan sun yi jinyar mutanen da kububuwa ta sara a arewacin Najeriya. Ba ya bukatar lantarki ko inji. A shekarar 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su.

Yanzu ga abin da muke roƙonku. In an yi allurar maganin dafi, muna sake awo bayan awa 6, don hanta na bukatar lokaci kafin ta maida abin da dafi ya cinye. In har yanzu jini bai daskare ba, sai a ƙara magani. Saboda haka kada ku ɗauke maras lafiya don ya ce ya ji sauƙi. Ko awon farko ya yi kyau, ku bari ya kwana wurinmu, don wani dafin sai daga baya yake nuna kansa. Yaro kuma ba a rage masa magani, don maciji bai rage masa dafi ba.

Kafin ku iso, kada a tsaga wurin da aska, kada a yi ƙaho. Jinin da ba ya daskarewa, in aka buɗe masa ƙofa wa zai rufe ta? Kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. A cire zobe da munduwa tun kumburi bai kama su ba. A kwantar da shi bisa amalanke ko mota, kada ya taka. Kada a ɓata lokaci wurin neman macijin.

Abu na ƙarshe, ga ungozomomi da wanzamai. Ba maciji kaɗai ke hana jini tsayawa ba. Akwai yara maza da aka haifa da wannan lalura, ta wajen uwa suke gadonta. In a dangi an taɓa yin yaron da jininsa ya ƙi tsayawa bayan kaciya, kada a sa ma ƙanensa aska sai an auna shi. Wannan awon ya fi ƙarfin kwalba guda, sai manyan asibitoci irin na Yamai, inda inji ke ƙidaya daƙiƙun da jini ke yi kafin ya daskare.

Jama'a, minti 20 ba su kai lokacin dafa shayi ba. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa wannan jawabi. In za ku gona ku sa takalmi, in za ku fita da dare ku riƙe tocila.

Allah ya tsare mu, ya ba mu damana mai albarka.