TSARABAR SALLAH: MENE NE YA KAMATA MU KAI GIDA?

 

An nemi in yi tsokaci a kan tsarabar da 'ya'yanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas kan zo da ita gida idan Sallah ta ƙarato. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai ta tsayar da dattijo a gaban jama'a ba. Ni a ganina ta kai, domin kuɗin da ke shigowa Jahun a cikin but ɗin motoci a Sallolin nan biyu ba kaɗan ba ne, kuma kaso mai yawa daga ciki yakan ƙare a ƙarƙashin gado. Dalili shi ne, da yawanmu mukan zaɓi tsaraba gwargwadon idon kasuwar birni, alhali gidan da za ta shiga shi ya kamata a fara dubawa.

Ku ɗauki misalin kayan wuta. Yaro ya sayo wa mahaifiyarsa injin markaɗe ko dutsen guga na lantarki, ya ɗauko tun daga Legas ya kai ƙauye a yankin Aujara ko Harbo, inda wuta ba ta cika zama ba, wani wurin ma babu ko falwaya. Tsohuwa ta karɓa ta sa masa albarka, domin ba a mayar da hannun kyauta baya, sa'an nan ta mayar da shi cikin kwalinsa ta ajiye. Da kuɗin nan fitilar sola ya saya mata, irin wadda ake cajin waya a jikinta, da ta huta da sayen batir, jikokinta kuma sun sami hasken bitar karatu da dare. Na shekara da shekaru ina duba littattafan yara, na san bambancin aikin gidan da aka yi a haske da wanda aka yi a duhu.

Abu na biyu da muke mantawa shi ne lokaci. Sallah tana bin wata ne, kowace shekara tana ja baya da kimanin kwana 11, saboda haka bukatar gida a ranar Sallah ba ta zama iri ɗaya. A shekarar 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, cikin zafin bazara, babbar Sallah kuma a farkon Yuni, gab da faɗuwar damina. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san wannan lokaci: rumbu ya yi ƙasa, gero ya yi tsada, ga share gona, ga neman iri da taki. Wanda ya kawo buhun gero ko buhun taki a irin wannan Sallah ya fi wanda ya kawo turmin leshi sanin halin gidansu. Haka nan gidan sauro mai magani, tun kafin ruwa ya kwanta a fadamu zazzaɓin cizon sauro ya fara kayar da yara. Nan da 'yan shekaru kuwa azumi da ƙaramar Sallah za su koma tsakiyar hunturu, a sa'an nan bargo da rigar sanyi da man shafawa su ne tsarabar tsofaffi.

Ba ina nufin a daina ɗinkin Sallah ba. Yaro da sabuwar riga a filin Idi abu ne da ba ya mantawa har tsufansa, kuma ba ni da niyyar raba shi da wannan. Sai dai a lura da abin da ake saye. Mu da muka manyanta mun ga zamanin da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Tun daga nan atamfar ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari, akwai mai kyau a cikinta, akwai kuma wadda wanki biyu ke kashe mata launi. Turmi ɗaya mai aminci ya fi uku masu zuba, musamman ga macen da za ta yi shekara guda tana ɗaura shi zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa.

Kayan girki ma haka. Iyayenmu sun taso da ƙwarya da akushi, aka zo tasa da langa, aka zo samira da tangaran, yau ga kuloli da robobi kala-kala. Kowane zamani da abin jerensa. Amma a tambayi matan gida, za su ce abin da ke ƙare musu kullum shi ne tukunya mai kauri, bokiti mai murfi na ajiyar ruwan sha, sabulu, man gyaɗa, tabarma. Ba su da ƙyalli, shi ya sa mai tsaraba ke jin nauyin miƙa su, alhali su ake taɓawa safe da yamma. Idan kuma kayan gwangwani ne, madara ko tumatir ko abin sha, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsu, domin a hada-hadar Sallah ne wasu 'yan kasuwa ke fitar da kwantai. Magani kuwa ba tsaraba ba ne. Wanda ke son lafiyar tsohonsa ya kai shi asibiti a auna shi. Tunda na ambaci asibiti, kun san tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki a Babban Asibitin Jahun a kan haihuwa da yoyon fitsari, lalurar da mafi yawa doguwar naƙuda ce ke jawo ta. Duk wanda ke da ƙanwa ko matar ƙane mai juna biyu a ƙauye, ya ware kuɗin mota ya danƙa a hannun amintacce tun kafin watanta ya kama.

Akwai kuma batun inda ake sayen kayan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, amma har yanzu za ka ga mutum ya ɗauko buhun shinkafa daga Abuja zuwa jihar da ke noma shinkafa a kwarin Haɗejiya. Me zai hana ya taho da kuɗinsa ya saya a kasuwar Jahun ko ta Shuwarin? Manomi ya samu, tela ya samu, mai saƙar tabarma da mai ginin randa su ma su yi Sallah. Idan har sunanmu ƙungiyar ci gaba, to wannan ma ci gaba ne, kuma ba ya bukatar kwamiti.

Sauran magana mai nauyi, ita ce rabo. Gidajenmu manya ne, akwai mahaifiya, akwai abokan zamanta, akwai 'yan uba. Tsarabar da ta shiga ɗaki ɗaya ta tsallake na kusa da shi takan bar tabon da mai kawowa ba zai gani ba, domin shi kwana uku zai yi ya koma birni, ya bar tsohuwarsa da zaman gidan. Kowa ya san uwa ba ta da na biyu, a ba ta nata na musamman a keɓe. Amma ko sabulu da goro ne a zagaya da su kowane ɗaki. A tuna da matar wa ko ta ƙane da aka mutu aka bari da marayu, a kai mata nata da dare, ba a gaban yaran unguwa ba.

Hanyar sanin duk waɗannan kuwa tana cikin aljihun kowa. Mako biyu kafin tafiya a ɗaga waya a kira gida. Tsofaffi ba za su faɗa ba, kunya da kara za su sa su ce komai lafiya. A nemi yaya mace ko wata gwaggo da ke shiga ɗakuna, ita ta san buta ta fashe ko katifa ta mutu. Ina roƙon wakilan rassanmu na birane su isar da wannan ga waɗanda ba su sami halarta ba.