Zawon Yara da Ruwan Gishiri da Sukari

Yau maganarmu a kan zawon yara ce, watau gudawa. Ba gidan da bai san ta ba, daga Hayin Dogo a Samaru har Muciya a Sabon Gari.

Ku saurara da kyau. Abin da ya ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Jikin yaro kamar tulu ne mai yoyo. In ruwa yana fita, ba a ƙara wani, tulu ya ƙafe ke nan. Amma sau da yawa uwa takan ce, "Kada a ba shi ruwa, zawon zai ƙaru." Wannan kuskure ne babba. Wata kuma ta ce ai haƙora ne ya ke yi, a ƙyale shi. Haƙori ba ya kawo zawo. Ƙazantar da yaro mai rarrafe ya ke kai wa baki ita ke kawo shi.

Ga kuma maganar maɗiga. In tsakar kan jariri ta faɗa, sai ka ga an shafa mata magani, ana cewa ciwon maɗiga ne. A'a, iyayena mata. Maɗigar lafiyarta lau, labari ta ke ba ku cewa ruwan jikin ya yi ƙasa. Magani ta baki za a ba shi. Ku dubi idanunsa ma, za ku ga sun zurma, bakinsa ya bushe, fitsari ya ragu.

To, me za a yi? A tafi ɗakin shan magani ko kemis a samo garin ORS na ƙunshi. A zuba ƙunshi ɗaya cikin ruwa mai tsabta, daidai awon da aka rubuta a jikinsa. In dare ne, ba a samu ba, a haɗa a gida. Ruwa lita 1, watau leda 2 ta fiya wata, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, kowanne a shafe bakinsa, ban da tozo. Uwa ta ɗanɗana tukuna. Kada gishirinsa ya fi na hawaye, gama gishiri in ya yi yawa cuta ne. Duk sa'ad da yaro ya yi zawo a ba shi da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10, kana a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Kada ku raina wannan ruwa don arharsa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, ga shi ruwan da a ke ƙara wa mutum ta jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari. Da wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, sai ya koma bai kai 4 ba.

Mama kuwa, kada a daina ba shi ko na sa'a guda. Wanda ya fara cin abinci a ba shi kunu da fate mai laushi. A nemi ƙwayar zinki kuma, ya sha kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Kafso da a ke saye a faranti a kasuwa, ku bar shi. Yawancin zawon yara ba ya bukatarsa.

Amma akwai inda gida ba ta iyawa. In akwai jini a bayan gidan, ko yaro ya kasa shan mama, ko kome ya sha sai ya amayar, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya langaɓe ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi nan da nan zuwa asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Shika. Maigida, kada ka ce sai gobe. A tafi da ruwan nan a kwalba, ana ba shi a hanya.

Saura tsari. A wanke hannu da sabulu bayan an fito masai, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a ba shi abinci. A rufe rijiya da randa. Ruwan Kubanni ba na sha ba ne sai an tafasa. Tun 2022 kuma akwai rigakafin zawon rota a Nijeriya, ɗigo ne a baki, kyauta. Ranar awo uwa ta tafi da katin yaro, ta tambaya ko an ɗiga masa.