Allurar Sinawa da Jinyar Wanda Ya Yi Haɗarin Mota



Wanda ya tsira daga haɗarin mota yakan sha barka. Amma sau da yawa, bayan rauni ya warke, 'yan gaisuwa sun watse, sai a bar shi da ciwon wuya ko na baya wata da watanni. Mafi yawan wannan ciwon wuya fizga ce ke jawo shi, wato lokacin karo kai ya yi baya ya yi gaba da ƙarfi, naman wuya da jijiyoyinsa su gurɗe. A irin wannan hali ne akan ba mutum shawarar ya gwada allurar Sinawa. To, mece ce ita, kuma ina iyakarta?

Da farko sai mu gyara fahimtar kalmar. Idan Bahaushe ya ce an yi masa allura, yana nufin an ɗura masa magani a jiki. Wannan kuwa ba ta ɗauke da magani ko kaɗan. Siririya ce ƙwarai, ana tsira ta a zaɓaɓɓun gurabe na jiki, a bar ta kamar minti 20 ko 30, sannan a zare. Sinawa sun yi bayanin wannan hanya a littafinsu Huangdi Neijing fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ta yi suna a Amurka a 1971, sa'ad da aka yi wa ɗan jarida James Reston aikin tiyata a Bejin, aka yi masa ita don rage zafin da ya biyo baya, ya kuma ba da labari a jaridar New York Times.

Masanan Sin na dā sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana a hanyoyin jiki, allura kuwa buɗe masa toshiya take yi. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Sai dai a 1975 masu bincike a Abadin ta Sikotilan sun gano cewa ƙwaƙwalwa na da nata sinadarin kashe zafi, ana kuma ganin tsirar allura na iya motsa shi.

Wani gwaji da aka yi a Jamus, aka buga sakamakonsa a 2007, ya isa abin lura. An raba masu tsohon ciwon baya 1,162 gida uku. Cikin waɗanda aka yi wa allurar bisa ƙa'ida, kimanin kashi 48 cikin 100 sun sami sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a guraben da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, kashi 27. Ashe sauƙin akwai shi, amma gurbin da aka tsira bai taka rawar da ake zato ba. Lalle sa rai da kulawar mai magani suna da nasu rabo.

Saboda haka a bi abu daki-daki. Allura ba ta ɗora ƙashi, ba ta tsai da jinin da ke zuba a cikin ciki ko a ƙoƙon kai. Wanda ya yi haɗari asibiti zai fara nufa, a ɗauki hotonsa. In karaya ce, akwai irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda hannunsa ko ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari ke kufce masa, ya koma wa likita nan take, domin mai yiwuwa lakar baya ce ta taɓu. Sai an kawar da waɗannan sannan allura za ta shigo, a matsayin mai taimaka wa gashi da motsa jiki.

Daɗin daɗawa, mun san darasin askar wanzami da ƙahonsa: ƙarfen da ya shiga jikin wani yana iya ɗauko ciwon hanta. Don haka a nemi ƙwararre, a kuma ga ya fasa sabuwar allura a gaban ido. In an zurfafa ta a ƙirji tana iya huda huhu.

Wanda ya yi zuwa shida ko takwas bai ga canji ba, ya riƙe kuɗinsa, ya koma wurin likitansa.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanya.