Ɗimuwar Majinyaci da Asarar Dukiya a Asibiti

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne ɗimuwa, wato ruɗewar hankalin da kan afka wa majinyaci farat ɗaya, musamman tsoho, bayan tiyata ko zazzaɓi mai zafi ko shan wasu magunguna. Mutum ya kwanta da hankalinsa, kafin gari ya waye ya kasa gane 'ya'yansa. Wani ya yi ta sambatu yana fizge robar ƙarin ruwa. Wani kuwa shiru zai yi, a ce ai barci yake, kuma irin wannan ne ya fi kuɓuce wa likita. Kada a haɗa ta da gigin tsufa, wanda kan ɗauki shekaru yana shiga a hankali.

To, ina ruwan masanin tattalin arziki da wannan? Ruwansa shi ne kuɗi. A shekarar 1999 Dokta Sharon Inouye ta Jami'ar Yale a Amurka ta bayyana sakamakon wani gwaji a kan majinyata 852, duk masu shekara 70 zuwa sama. Abin da aka yi wa rabinsu bai taka kara ya karya ba: a ba su ruwa isasshe, a bar su su yi barci da dare, a tashe su su ɗan taka, a miƙa wa mai raunin gani tabaransa, a riƙa tuna musu rana da wurin da suke. Cikin waɗannan kashi 9.9 bisa ɗari ne suka ɗimauce, cikin sauran kuwa kashi 15.

A 2008 Douglas Leslie da Inouye da abokan aikinsu suka ƙididdige abin da aka kashe wa irin waɗannan majinyata har tsawon shekara guda. Kuɗin da wanda ya ɗimauce kan ci kowace rana ya ninka na ɗan'uwansa fiye da sau biyu da rabi. Suka ƙiyasta cewa ɗimuwa kan jawo wa Amurka asarar dala biliyan 38 zuwa 152 a shekara.

A ganina, dalilin da ya sa hukumomi suka daɗe ba su farga ba shi ne, a littafin akawu ba a rubuta asarar da sunan ɗimuwa. Ana rubuta ta da sunan ƙarin kwanaki a gado, da karayar ƙugu bayan faɗuwa, da komowa asibiti bayan sallama, da kuɗin gidan kula da tsofaffi. Kwanakin da 'ya ta bar aikinta tana jinyar mahaifinta kuwa, ko cikin wancan lissafin ba su shiga ba.