Jirgin Sama na Rimot: Kada Mu Bar Yaro Ya Koya Shi Kaɗai

(Jawabin da masu koya wa yara tuƙin ƙananan jirage suka gabatar a taron ƙungiya a Akurba)



An ba mu ɗan lokaci mu yi bayani a kan abin nan da wasunku suka gan mu muna yi da sassafe a bayan gari, wanda har wani dattijo ya tare mu ran nan ya ce, "Ku kuwa da gemunku, wasan yara kuka koma?" To Baba, ga mu mun zo da amsa, kuma mun zo da roƙo.

Abin da ya jawo mu cikin wannan harka shi ne wani yaro ɗan unguwar nan, ba sai mun faɗi sunansa ba. Yaron nan ya yi wata da watanni yana tara kuɗin aikin ƙarfi, ya aika aka sayo masa inji da batir da rimot, ya zauna ya yanka farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin da shi a cikin kwali, ya haɗa jirgi da hannunsa. Ranar gwaji yara suka bi shi ɗuu zuwa fili. Ya cilla jirgi, jirgi ya ɗaga hanci sama kamar zai tafi Makka, ya tsaya cak, ya juyo ya daki ƙasa. Ko ƙirga biyar ba a yi ba. Aka yi ta dariya, shi kuwa ya kwashe tarkacensa ya tafi gida, ya ce ya bari har abada.

Da muka je muka duba tarkacen, sai muka ga aikin yaron ba shi da laifi. Kuskurensa ɗaya ne tak: ya ɗaura batir can baya, nauyi ya rinjaya wajen wutsiya. Da a ce akwai wani babba a kusa da zai ɗora jirgin a kan yatsa biyu ya auna shi, da gyaran bai kai minti ɗaya ba. Kun ga ashe yaron yana da basira, malami ne bai samu ba. Wannan ita ce maganarmu ta yau gaba ɗaya: duk yaron da ya nuna sha'awar abin nan, kada a bar shi ya yi tashin farko shi kaɗai.

Shin wasa ne?

Ga masu cewa wasa ne, e, wasa ne, amma a duba inda irin wannan wasa ya kai mutane. Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan biyu na Amurka masu gyaran keke, mahaifinsu ne ya kawo musu ɗan abin wasa mai tashi da ƙarfin roba a 1878. Daga nan sha'awar ta shige su. Ranar 17 ga Disamba, 1903 suka tashi da jirgi mai inji, tashin farko daƙiƙa 12 ne, tafiyar ƙafa 120. Shekara 22 bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. A watan Fabrairu na 2018 sojan saman Nijeriya suka ƙaddamar da jirginsu marar matuƙi a Kaduna, suka raɗa masa suna da Hausa, wato Tsaigumi. Mu nan kuma, a Fabrairun 2022 aka buɗe filin jirgin sama na Lafiya a Kwandare. Wa zai yi aiki a waɗannan wurare in ba yaran da suka taso da sanin yadda iska ke ɗaukar fiffike ba?

Basira kuwa muna da ita. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya, saboda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da sauran tarkace. Irinsa suna nan a unguwanninmu, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kama musu hannu tun daga matakin farko.

Yadda muke koyarwa

Mataki na farko, ba ma taɓa rimot. Muna zaunar da yaro mu nuna masa abubuwa huɗu da ke kokawa a kan kowane jirgi, babba ko ƙarami: nauyi yana jan sa ƙasa, fiffike yana ɗaga shi sama, farfela tana jan sa gaba, iska tana riƙe shi baya. Fiffike ba ya ɗaga komai sai iska tana gudu a kansa. In gudu ya ragu ƙwarai, ko aka ɗaga hanci fiye da kima, sai fiffiken ya saki iskar, jirgi ya faɗo. Abin da ya sami yaronmu ke nan. Duk wanda ya taɓa miƙa tafin hannu ta tagar mota a hanyar Akwanga ya ji yadda iska ke ɗaga shi, to ya riga ya fahimci rabin darasin.

Na biyu, zaɓen jirgi. Yara suna son mai kama da jirgin yaƙi. A'a. Na koyo shi ne wanda fiffikensa yake a saman gangar jiki, dogo, kamar mita ɗaya ko fiye, ƙarshensa ya ɗan ɗago sama dama da hagu. Irin wannan ko ya karkata, in ka sakar masa hannu shi da kansa yake neman daidaita. A yi shi da soso, don ba shi da nauyi, in ya karye kuma gam da salatif sun isa. Kafin kowane tashi a ɗora shi a kan yatsa biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na faɗinsa daga gaba. Ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Mai nauyin hanci yakan tashi da ƙyar amma ya dawo gida, mai nauyin wutsiya kuwa da wuya ya ga tashi na biyu.

Na uku, gwaji a kwamfuta ko a waya. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tashin ƙaramin jirgi, wasu ma kyauta ne. A nan yaro zai faɗi sau ɗari ba a yi asarar ko kwabo ba. A nan ne kuma yatsunsa za su saba da sandunan rimot guda biyu. A irin saitin da muke amfani da shi, ta hagu ita ce ta ba da wuta da karkata wutsiya, ta dama kuma ita ce ta ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da kwantar da fiffike dama ko hagu.

Akwai wani abu a nan da ke kayar da kusan kowane sabon shiga, har da mu a lokacinmu. In jirgi yana tafiya ya ba ka baya, damarka ita ce damarsa. Amma da zarar ya juyo ya fuskance ka, sai lissafi ya juye, ka tura dama ka ga ya tafi hagunka. Nan take yaro zai ruɗe, ya ƙara turawa, jirgi ya kife. Dabarar da muke koya musu ita ce: in yana zuwa wajenka, duba fiffiken da ya yi ƙasa, ka tura sanda ta wannan ɓangaren, kamar kana tokare shi. Sai an maimaita an maimaita kafin hannu ya riƙe.

Na huɗu shi ne fita fili, kuma nan ne aikin malami yake. Yawancin rimot na yanzu ana iya haɗa biyu, da igiya ko ba igiya, ɗaya a hannun malami ɗaya a hannun ɗalibi. Malami ne zai tayar da jirgi, ya kai shi can sama inda ko an yi kuskure biyu ko uku akwai sauran sarari kafin ƙasa. Sai ya danna maɓalli ya ce, "Karɓi." Yana ganin abu zai ɓaci sai ya saki maɓallin ya ce, "Na karɓa," jirgi ya dawo hannunsa. Daidai yake da yadda direba ke zama kusa da yaron mota ranar da ya fara ba shi sitiyari. In babu rimot biyu, a tsaya kafaɗa da kafaɗa ana miƙa wa juna guda ɗaya.

Ɗalibi yana farawa da tafiya miƙe, sannan zagaye ta hagu, sannan ta dama, sannan zagaye mai siffar lamba 8. Bayan haka ya koyi tayarwa. Sauka ita ce ta ƙarshe, don ita ta fi wuya. Tashi da sauka duka ana yin su ne ana fuskantar iska, kamar yadda shirwa ke yi in za ta sauka a reshe. Kuma a taɓa sanda a hankali, jirgi ba ya son fizga. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da sassafe ko dab da faɗuwar rana iska ta fi kwanciya. In hunturu ya busa da ƙarfi, ko hazo ya yi kauri har ba ka iya bambanta gaban jirgi da bayansa, a haƙura. In hadari ya haɗo, a tattara a tafi gida. Kuma a tsaya rana tana bayanka.

Kiyaye lafiya

Iyaye mata, wannan ɓangaren naku ne, don a ɗakunanku ake ajiye kayan. Farfelar nan ƙarama ce amma tana yanka yatsa kamar reza. Duk mai gyara a gida ya fara cire ta. A kunna rimot tukuna sannan a jona batir, in an gama a cire batir tukuna sannan a kashe rimot.

Batirin kuwa irin na LiPo ne, gida-gida yake, kowane gida in ya cika bolt 4.2 ne, kuma ba a son ya sauka ƙasa da 3. Yana iya kamawa da wuta in an huda shi, ko an wuce da cajinsa, ko an bar shi cikin zafin rana irin namu na watan Maris. Kada a bar yaro ya jona shi ya kwanta barci, kada a yi caji a kan katifa ko tabarma. A sa shi a tukunyar ƙasa a kan siminti, da bokitin yashi a kusa. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada a ce a lallaɓa.

Mu da maƙwabta da hukuma

Jama'a, mun san zaman da muke yi a garin nan, zama ne na cuɗanya da mutane iri-iri, kuma laifin yaro ɗaya sunan al'umma duka yake ɓatawa. A wannan zamani na rashin tsaro, wanda ya ga abu yana shawagi a kan gidansa ko gonarsa yana da hakkin ya tsorata. Tun a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta ba da sanarwar cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Saboda haka ba ma son yaranmu su riƙa fita a ɓoye. A sanar da mai unguwa, a sanar da jami'an tsaro, a nemi bayanin ƙa'ida, a bi ta.

Namu sharuɗɗan a fili su ne: ba a tashi a kan gidaje, ko kasuwa, ko taron jama'a, ko titi. Ba a kusantar filin jirgi na Kwandare ko wurin jami'an tsaro. Babbar tashar wutar lantarkin nan ta Akurba da aka buɗe a 2022, da manyan wayoyinta, a yi nesa da su ƙwarai, in kuma jirgi ya maƙale a waya kada wanda ya ɗauki gora ya ce zai zunguro shi. Ba a hawa sama da mita 120, ba a barin jirgi ya ɓace wa ido. In ya faɗa gonar doya ko riɗin wani, a nemi mai gona a yi sallama kafin a shiga, in an yi ɓarna a biya. Yaran maƙwabtanmu kuma, ko wane yare suke ji, ko wane addini suke bi, in sun zo kallo a jawo su a ba su rimot su ma su taɓa.

Roƙonmu

Abu uku muke nema. Na ɗaya, dattawa su shige mana gaba wajen samun fili da izini. Na biyu, ƙungiya ta taimaka da jirgin koyo guda ɗaya da rimot biyu, su zama na kowa, domin ɗan marar ƙarfi ma ya samu. Na uku, masu gyaran rediyo da waya da kafintocinmu su ba mu ko da awa biyu a mako, don ilmin lantarki da awo da yaran ke buƙata yana hannunsu. Mu kuma mun yi alkawari ba za a fita fili lokacin makaranta ba, ta boko ko ta allo, kuma 'yan mata masu sha'awa suna da wuri, da yardar iyayensu.

Kafin mu zauna, ga wani labari da muke ba duk yaron da jirginsa ya faɗi. Wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill ya ƙudurta sai ƙaramin jirginsa ya tsallake tekun Atlantika. Huɗu na farko duk suka salwanta. A watan Agusta na 2003, yana da shekara 77, ganinsa ma ya yi rauni ƙwarai, na biyar ɗin, wanda nauyinsa bai wuce kilo 5 ba, ya tashi daga Kanada ya sauka a Ailan, tafiyar mil 1,882 cikin kusan awa 39. Kuma ba shi kaɗai ya yi ba, da jama'arsa a gefe, wasu a wajen tashi, wasu suna jira a wajen sauka.

Shi kuwa yaron nan namu, mun je har gida mun lallashe shi. An manne fiffiken, an matsar da batir gaba. Yanzu yana zagaye da kansa, sauka ce ta rage masa, kuma ranar Asabar da sassafe zai gwada ta, malaminsa na tsaye kusa da shi. Baba mai tambaya, muna gayyatarka, akwai kujera a inuwa.

 Allah ya raya mana zuri'a, ya bar zumunci.